Maganaɗisu Kafin Zarto

A rumfata ta kafinta da ke Ƙanƙara akwai doka guda wadda ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: tsohon katako ba ya hawa injin zarto sai an bi shi da maganaɗisu, ciki da baya. Maganaɗisun ma daga bayan wata tsohuwar lasifika na ciro shi, na ɗaure da igiya a jikin ginshiƙi.

Dalilina shi ne, tun da rashin tsaro ya taso mutanen ƙauyuka suka dawo cikin gari, yawancin katakon da ake kawo mana tsoho ne. Mutum zai ɓalle rufin ɗakinsa ko ƙyauren zaurensa, ya ɗoro a amalanke, ya ce a fitar masa da gado ko benci. Irin wannan katako yana ɓoye ƙusa wadda kanta ya karye, tsatsa ta saje da launin itace, ido ba ya ganinta. In haƙorin zarto ya same ta yana gudu, ƙarfen tashi yake kamar harsashi, kuma fuskar yaro ce a gabansa. Ban taɓa gani ya faru ba. Amma ina iya barin tuwo a kwano in koma rumfa don na tuna wani katako da ban tabbata an duba ba.

Duk yaron da aka kawo mini koyo, da maganaɗisu da filaya yake farawa. Sai na ga hannunsa ya daina gaggawa sannan ya matsa kusa da inji.

Shekarar da yayana ya baro gonarsa ta wajen 'Yargoje, ya kawo mini ɗansa babba, saurayi mai ƙarfi da kaifin kai. Damina ta wuce, aka yi girbi, yana nan yana zarar ƙusa. Na san ransa ba ya so, don yakan ja maganaɗisun da sauri yana kallon titi, ni kuwa in ce ya sake daga farko.

Ran wata Talata yayana ya zo da hantsi, rumfa cike da masu jiran aiki. Ko zama bai yi ba.

"Kai, wai kafinta na kawo maka ɗiyana ya koya ko tsintar ƙarfe? 'Yan gwangwan ma sun fi shi, su ana biyansu."

"Yaya, zauna mu gaisa tukuna."

"Mun gaisa. Shagon bakin tasha, yaro sati guda yake yi a ba shi inji. Mi ya sa naka daban?"

Ya jawo wani tsohon ƙyaure da aka jingine, ya ce in ba tsoro ne kawai ke damuna ba, a duba wannan a gaban kowa a nuna masa ƙusar. Na miƙa wa ɗan nasa maganaɗisu. Ya bi ƙyauren a hankali, gefe da gefe, yadda bai taɓa yi ba. Babu komai. Mai ƙyauren ya riga ya zare ƙusoshin tun a gida.

Aka fashe da dariya. Wani dattijo mai jiran turmi a gyara masa ya ce, "Malam, ko kujerar masallaci sai ka shafa mata abin ga kafin ka zauna?"

Ban saba mayar wa yayana magana ba, amma ranar na mayar. Na ce, "Yaya, wanga babu. Na gobe ma sai an duba, da na jibi. In ka bar mini shi, ba zai taɓa inji ba sai ranar da na yarda. In ka ɗauke shi, ɗanka ne."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce."

Ya dubi yaron ya ce ya ɗauko takalmansa. Yaron ya ce mini, "Baba, sai an jima," bai kalle ni ba. Suka nufi bakin tasha.

Yanzu yaron yana can yana yanka katako, kuma an ce hannunsa ya faɗa, ya ƙware. In mun haɗu a masallacin Juma'a nakan riƙe hannunsa fiye da yadda gaisuwa take buƙata, in dubi idanunsa duka biyu. Lafiyarsa lau, alhamdu lillahi, kuma kullum ina roƙon Allah ya bar shi haka. Matata ta ce in je in ba yayana haƙuri ya dawo da shi, ko da zan sassauta kaɗan. Haƙuri na je na bayar, don shi ne babba. Da ya tambaya ko yaron zai hau inji in ya dawo, na ce masa a'a.