Konseyen da Yake Sauraren Turmi

Ku da kuka san maigidana, kun san ba ya shiga gari ta bakin ƙofa. Ta bayan danga yake bi! Da an sallame asuba sai ya hau jakarsa ya zaga ƙauyukanmu na gefen Tarka, ya tsaya bayan kowane gida, ya karkata kai kamar mai ciwon wuya. Turmi yake saurare. Duk shekarun da ya yi yana konseye, wato kansila, a komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, aikinsa ke nan. Ni ban yi karatu ba, malamar lakkol, makarantar bokonmu, na roƙa ta rubuta mini, in kuka ya zo ta jira ni.

Yakan ce mutumin Damargu ko yunwa na kashe shi, in ka tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, amma turmin matarsa ba ya iya wannan ƙarya. Hatsi dim-dim yake yi, da nauyi. Dusa fuf-fuf. Anza, 'ya'yan itacen dajin nan da ake ci in yunwa ta matsa, ƙwas-ƙwas. Gidan da ya yi kwana uku shiru, sai Malam ya kai sunansa wurin magajin gari, a ba su buhun taimako, yaran kuma a kai su awo wurin likita.

Magajin gari ya gaji da jiran jaka, ya ce, "Baba Konseye, ga moto mai ƙafa biyu mun samo maka."

Malam ya ce, "Tayar da ita in ji."

Aka tayar. Ya toshe kunne ya ce, "Kashe! Da wannan tsiya ko aradu ba zan ji ba, balle turmi. Ka ba sakatarenka, shi da ba ya jin komai tun asali."

Wata rana aka kira su taro Tanout a kan tamowar yara. Da azahar aka kawo shinkafa da naman rago. Wallahi sai mutumin nan ya cire hula, ya juye rabonsa a ciki, ya mayar a ka! Mai na bin kunnensa, wani babba ya ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Na ga waɗanda ake taron dominsu ba su samu zuwa ba, zan kai musu."

Kwana uku ina wankin hular nan, kuliyoyi na biye da ni.

Sai Manzo maƙwabcinmu, mai 'ya'ya bakwai da girman kai na mutum goma. Malam ya ji turminsa ya mutu, ya aza buhu a kan jakarsa ya kai. Manzo ya ce, "Ni ka mayar abin sadaka? Ɗauke abinka!"

Malam ya ce, "Wa ya ce naka ne? Ajiya ce ta komin, magazan ɗin da muke ajiye hatsi ya cika. Sai dai an ce gidanka akwai ɓeraye bakwai masu ƙafa biyu. In sun ci, ba ruwanka, ɓarnar ɓera ce."

Manzo ya juya baya yana share fuska, ya ce, "Ajiye can, ɓerayen nan ba sa jin magana."

Kuna dariya. Nima na yi. To ga abin da ba ku sani ba.

Akwai jikarmu Rabi a hannuna, 'yar shekara uku. Uwarta ta rasu, ubanta ɗanmu ya tafi Libiya neman aiki, babu labari. Malam amaryata yake ce mata. Shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai, rumbunsa ya ƙare tun kafin zafi. Mutane kuwa suna cewa konseyoyi gidajensu suke fara cikawa, shi ya sa ya rantse a gaban jama'a cewa gidansa ne na ƙarshe a takardar rabon taimako.

Ya tambaye ni, "Gwaggon yara, akwai saura a ɗan rumbunki?"

Na ce, "Akwai."

Babu. Amma ta yaya zan karya masa rantsuwa? Namiji kuma ba ya leƙa rumbun matarsa. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini abu ɗaya ne yake iya ruɗin kunnensa: yashi mai laima a cuɗe da dusa. To shi na riƙa dakawa kowace safiya har ya wuce. Dim-dim. Sai ya ɗaga murya daga kan jaka, "Madalla da turmin gidanmu!"

In na dama ɗan kunun dusa na miƙa masa, sai ya ce, "Ki ba amaryata, na ci a wurin magajin gari." Bayan rasuwarsa sakatare ya gaya mini ba a taɓa dafa komai a can ba. Ina ruɗinsa, yana ruɗina, yarinya na tsakani.

Gashinta ya yi ja. Na ce rana ce. Ƙafafunta suka kumbura, na ce ƙiba ce ta fara. Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa.

Wata safiya ya manta carbi ya dawo. Ya tarar ina juye turmi a bayan ɗaki. Ya duƙa, ya damƙi yashin, ya murza. Bai dube ni ba. Ya shiga ya danna ƙafar Rabi da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sai ya fita da gudu, tsoho da shi, yana kira, "Ina moton nan? A kawo moton nan!"

Ran nan ya fara hawanta, da yarinya a ƙirji, har Tanout. Masu jinya sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Sun ce da an kawo ta da wuri. Kwana na huɗu Allah ya karɓi abarsa.

Bai taɓa ce mini don me ba. Da ma ya zage ni.

Tun daga nan ya bar bin bayan danga. Ta ƙofa yake shiga, ya yi sallama ɗaya, ya wuce madafa ya buɗe tukunya. Mata na ihu, "Kai Konseye, ba ka da kunya?"

Sai ya ce, "Na binne ta a Tanout. Kawo yaron in ga ƙafarsa."

Ku konseyoyin yanzu da kuke tambayar mutane daga bakin ƙofa kuna latsa salula, kun dai ji.

Bara da kaka, yana kwance ba ya iya tashi, ina dakan sabon hatsi don in dama masa fura. Sai na ji murya can ƙasa: "Gwaggon yara, wannan na gaske ne, ko kin koma sana'arki?"

Na kai masa a tafin hannu. Ya shinshina ya yi murmushi. Bai sha furar ba.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka da yunwar da ya ɓoye. Ka ƙosar da shi. Ka sa Rabi a cinyarsa, ƙafafunta lafiya. Ni kuma ka yafe mini yashin nan.