Ashanar Kawu Daudu

Kawuna Daudu ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa tarakta a gonakin Doka, nan ƙasar Sudan. A Hawata aka haife shi, taurin kai kuma gadonsa ne daga kakanmu, wanda ya taho hajji a ƙafa ya maƙale a bakin kogin Rahad. Jaz, wato man dizal, ya san shi fiye da 'ya'yan cikinsa. Kafin ya saya sai ya tsiyaya kaɗan a murfin gwangwani, ya jefa ashana mai ci. In ta mutu, jaz ne tsantsa. Matarsa Zaituna kan ce da shi za a yi wa wannan gwajin, da tuni ya tashi da unguwa.

Da yaƙi ya tsayar da matatar mai, ga takunkumi, sai abin da jirgin ruwa ya sauke a Bur Sudan. Damina kuwa ba ta jiran jirgi. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa sau uku ta zama taɓo, tarakta ba ta shiga. Gangar jaz ɗaya Kawu yake nema ya shuka dawarsa, in ba haka ba gidansa ya kwana da yunwa shekara guda.

Kwana tara ya yi a layin gidan mai a Gadarif. Masu bindiga suka farfasa masa baya da bulala don ya ce an tsallake shi. Ran na tara suka harbi wanda ke bayansa a ciki, jini ya wanke wa Kawu jallabiya, aka rufe famfo. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Sai ya nufi 'yan bumburutu a bayan kasuwar hatsi. Mai gangar, wani Munir, yana ganin ashana ya fara roƙonsa da Allah da Annabi kada ya ƙyasta. Kawu ya yi dariya.

"Ya zol, bawan Allah, jaz bai cin wuta. Mai gaskiya me ya haɗa shi da tsoron ashana?"

Ashe rabinsa fetur ne. Wutar ta yi tsalle daga murfin ta faɗa bakin gangar. Munir ko shurawa bai yi ba. Kawu aka jawo shi fatar hannuwansa na saɓulewa, idanun duka sun tafi.

Yana kwance a asibiti ya ji ruwa na dukan kwano, ya tambayi Zaituna na nawa ke nan. Ta ce na farko ne, akwai sauran lokaci. Ya gyaɗa kai, ya ce a duba masa tayar tarakta ta baya ta hagu kafin ya fito.

Ina wurin a tsaye. Na uku ne.