Fuskar Jaji a Jikin Cakulan

Jamilatu mai injin markaɗe ce a unguwar Kagarawal ta Gombe. Mijinta Jaji kuwa kowace shekara kudu yake tafiya aikin gonar koko, ya dawo da tafin hannu kamar ɓawon itace. Ya taɓa ba ta labarin wasu mutanen kamfanin cakulan da suka zo duba gonar, wai suna tabbatar da ba a sare daji, ba a sa yara aiki. Suka ba shi koko ya riƙe, suka ce ya yi murmushi, suka ɗauki hotonsa.

A shekarar da bama-bamai suka addabi Gombe, Jaji ya fita tasha wata safiya zai koma kudu. Kafin azahar bam ya tashi a tashar. Jamilatu ta zaga asibitoci, ta buɗe fuskokin gawawwaki, ba ta gan shi ba. Daga gonar ma aka ce bai iso ba.

Bayan shekara ta shiga shagon Donatus a Tudun Wada sayen sabulu. Tana ɗaga kai ta ga Jaji jere a kan kantar shagon, fuska kusan talatin, kowace tana mata murmushi daga jikin takardar cakulan.

"Oga Donatus, me aka rubuta a nan?"

Ya karanta ya ce, "Wai suna kula da manomansu, Maman Batul. Wai wannan mutumin yana nan lafiya a gonarsa."

"Mijina ne."

Donatus ya ajiye sabulun a hankali.

Tun daga nan duk sa'ad da sabon kaya ya iso sai ya aika mata. A kwali na biyu Jaji ya rame. A na uku furfura ta fito masa a gemu, murmushin ya ragu, ga wani tabo a goshi da ba ta san shi da shi ba. Donatus ya jera tsohuwar takarda da sabuwa a kan tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wataƙila laifin injin buga takardar ne.

Daga baya kamfanin ya cire hoton mutum, ya sa na kurmi, da alkawarin dasa itatuwa. Jamilatu ta kai takardar bakin ƙofa inda haske yake. Can tsakanin itatuwan akwai wani a tsaye, ɗan mitsitsi, ya juya baya.

"Ya yi nisa," ta ce.

Donatus bai ƙara saro wannan cakulan ɗin ba. Ita kuwa har yanzu tana markaɗenta. Maneman aure sun zo, ta sallame su. In aka tambaye ta ina maigidan, sai ta ce yana kudu, aiki ya riƙe shi.