Shanu ukun da na ɓoye wa Malam Antuwan

Da safen nan, ina gama karin kumallo, aka kira ni daga Dapaong. Malam Antuwan ya rasu.

'Yata Rakiya ce ke danna wayar, ni nake faɗa. Sau biyu tana ajiye ta tana cewa, "Baba, ka tabbata? Duk zangon Sokode za su karanta fa." Na ce ta rubuta. Akwai maganar da na haɗiye tun zamanin Faransa, kuma mutum ɗaya da ya san ta ya tafi yau.

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Malam Antuwan ɗan ƙabilar Moba ne, Kirista, Hausarsa irin ta 'yan koyo, malamin dabbobi a Dapango, kamar yadda muke kiran garin a da. Duk garken da zai gangara kudu sai ya duba shi ya sa hannu a takardar wucewa. Ni kuwa lokacin ina matashin mahauci, ina koro shanu daga can zuwa Sokode da ƙafa.

Mutumin nan ya wahalar da mu! Sai ya sa a kora shanu da gudu, sannan ya tsaya tsakiyarsu ya kasa kunne, yana neman wadda za ta yi tari. Ko rana ta faɗi, ko hadari ya taso, haka zai yi. Dokarsa ɗaya ce: ba ya sa hannu kan abin da idonsa bai gani ba. Muna kiransa Kunnen Zomo a bayan idonsa. Ashe ya sani, dariya kawai yake yi.

Yana da wata al'ada kuma. Kowace Asabar sai ya zagaya wurin duk wanda ya yi hulɗa da shi a makon, ya ce, "Akwai abin da na yi maka?" Wai ba zai shiga coci ran Lahadi ba alhali wani na riƙe da shi a zuciya. Mu muna ɗaukar abin wasa. Ni har cewa nake, "Ka yi mini, ka tsayar da ni cikin rana."

Mun shaƙu. In ya zo Sokode gidan tsohuwata yake cin tuwo.

To, wata shekara na haɗa garke, sai na ji uku suna tari irin na ciwon huhu. Na san in Malam Antuwan ya ji, zai tsare garken duka. Na kora ukun nan cikin kwari bayan wani dutse, na ɗaure su.

Ya zo, ya yi aikinsa, babu tari. Sai na ga ya tsaya yana kallon ƙasa. Sawun shanu ukun nan ne da ya nufi kwarin.

Ya ce, "Ɗanjuma, saniya duka ke nan?"

Na ce, "Wallahi su ke nan."

Ya dubi sawun, ya dube ni. Ya sa hannu.

Na haɗe ukun da sauran, muka ƙetare kogin Oti a garin Mango, muka iso Sokode. Na zuba su a shingen da duk mahautan zango ke ajiye dabbobinsu. Ba a jima ba tari ya kama ko'ina. Hukuma ta ce a karkashe shanun a binne. Marigayi Baba Sani, maƙwabcinmu, duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin shingen nan. Na gan shi zaune bakin ramin, hularsa a hannu.

Kumandan, wato Baturen da ke mulkin yankin, ya ce sai an gano ta ina ciwon ya shigo. Aka karɓi takardata, tunda garkena ne ya zo ƙarshe. Aka sa mini ranar zuwa biro, wato ofishinsa.

Ana gobe ranar, da la'asar, sai ga Malam Antuwan ya sauko daga mota, kakinsa duk jar ƙasa. Babu wanda ya kira shi.

Na ja shi bayan masallaci. Na ce, "Yaya, abu mai sauƙi ne. Ka ce ka duba, lafiyarsu ƙalau, a hanya suka ɗauko. Ni na tsira, kai ka tsira."

Ya ce, "Na ga sawu, Ɗanjuma. Ƙafa nawa ya gaji, kuma ni ina son ka, shi ya sa ban bi ba. Yesu Almasihu ya ga hannu nawa lokacin da ya sa alama. Zan je in faɗi haka."

Na ce, "To ni fa? Za ka kashe ni?"

Ya ce, "Laifi nawa zan faɗa. Naka, kai ne za ka ɗauka ka kai. Amma in an tambaye ni a kan ka, ba zan yi ƙarya ba."

Allah ya sani, a lokacin na tsane shi.

Washegari muka tsaya gaban kumandan, tafinta a gefe, mahauta sun cika ƙofa. Malam Antuwan ya cire hularsa ya ce bai duba yadda doka ta ce ba, amma ya sa hannu. Baturen ya buga tebur. Ya ce wa ya ba shi cin hanci? Malam Antuwan ya ce babu kowa. Tambaya ɗaya ta rage, in aka yi masa ita, na gama.

Ba a yi ba. Fushi ya hana Baturen. Sai ya juyo gare ni ya ce, na san da ciwon?

Malam Antuwan bai ko kalle ni ba. Ya bar mini fili.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni takarda na bi."

Aka tuɓe masa kaki, aka tura shi aikin hanya tare da fursunoni na wasu watanni. Ni na koma gida na ci tuwo. Zango kuwa ya ɗauka cewa Kiristan nan ya ci hanci ya halaka dukiyar Musulmi. Baba Sani har ya rasu ba ya son jin sunansa. A gabana ake zaginsa, ni ina gyaɗa kai.

Ya koma noma a Dapango. Na yi shekaru ina kauce wa ƙofarsa, sai ranar da ya tare ni a kasuwa ya ce, "Rijiya nawa yana da ruwa, kawo saniya su sha." Matarsa, Inna Mariya, ta ware mini tukunya ta daban. In lokacin salla ya yi shi ke shimfiɗa mini tabarma ya nuna mini gabas. Ranar sunan Rakiyar nan da ke rubutu, zabi biyu ya aiko.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, ran wata Asabar. Ya makance, yana zaune ƙarƙashin mangwaro. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗanjuma, akwai abin da na yi maka?"

Na ce babu. Na buɗe baki in faɗi nawa, sai jikokinsa suka kawo ruwa, na karɓa na sha. Ya matse hannuna ya ce, "Har yanzu kana ɗauke da shi? Ya yi nauyi wa tsoho."

Na ce masa zan dawo bayan damina. Ban koma ba.

To ga shi, jama'ar zango. Malam Antuwan bai ci hancin kowa ba. Ni, Ɗanjuma mahauci, da kuke sa ni gaba a wurin sulhu, ni na ɓoye shanu uku, ni na rantse da Allah a kan ƙarya. 'Ya'yan Baba Sani, ba a rubutun waya zan nemi yafiyarku ba, gobe da safe ina ƙofar gidanku.

Allah ya ba iyalinsa haƙuri. 'Yan'uwa Kirista, ku yi masa addu'a yadda kuka saba, kun fi ni sanin hanya. Sauranku kuwa, ni ku roƙa wa gafara, don shi ya kai nasa tun da ƙuruciya, ni sai da ya daina ji na kawo.

Rakiya, tura.