Taku Ashirin da Huɗu na Anti Hajar

Inaya ta sake kwanciya a banza.

Ta taho a guje kamar wadda aka koro, ta zube ta yi zamiya da ƙafa a gaba yadda aka koya mata, sai ta tsaya cak. Tsakanin takalminta da farar tashar da take nema akwai tazarar kamu uku. Yarinyar Manchester da ke gadin wurin ma sai da ta yi turus, sannan ta sunkuya ta taɓa ta da ƙwallo a hankali, kamar mai tashin majinyaci. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu. An fitar da Inaya, karo na biyu ke nan, kuma a wannan karon har da 'yan kallon da suka kasa riƙe dariya.

Manchester na da shida, Birmingham ba ta da ko ɗaya. Wasan ƙarshe ne na kofin sofbol na 'yan matan kwalejoji, kuma shi ne wasan ƙarshe na kocin 'yan Birmingham, Hajar Gimba, wadda ta shekara ashirin da ɗaya tana bin kofin nan bai taɓa shiga hannunta ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuya. A jefo miki ƙwallo, ki make ta da sanda, ki ruga ki zagaye tasha huɗu da aka ajiye a kusurwa huɗu. Kin dawo inda kika tashi, kin ci maki ɗaya. Ƙwallo ta riga ki isa tasha, kin fita. Sau da yawa taku ɗaya ne tsakanin murna da kuka.

Ranar nan kuwa takun nan ɗaya ya ƙi 'yan Birmingham. Mai gudu ba ta isa, mai zamiya ba ta isa. Zoe, kyaftin ɗinsu, wadda jifanta ba ya kuskure, sau uku tana wurga ƙwallo tana faɗuwa ƙasa kafin ta kai hannun mai jira. A kan benci an fara nuna wa juna yatsa. Inaya ta iso tana cire hular kwano, hawaye ya haɗu da ƙasa a kumatunta.

"Anti, ki cire ni kawai. Ni ce matsalar," ta faɗa da Turancinta na 'yan unguwar Sparkhill. "Ga Baba can yana kallo. Shago ya rufe fa saboda ni."

Hajar ta dube ta, ta dubi filin. Wani tunani ya faɗo mata, kuma ba ta son sa ko kaɗan.

Sai an san yadda matar nan take fara ranarta kafin a gane abin da ya tsaya mata a rai.

Kowace Litinin da ƙarfe shida na safe, masu fita da karnuka a wani filin shaƙatawa da ke unguwar Balsall Heath a Birmingham sun saba ganin wata gajeriyar mata cikin rigar sanyi da ɗankwali, tana tura tsohon keken jarirai. Ba jariri a ciki. Tasha huɗu ne na roba, da galan na farin fenti, da leda. Da ledar take fara aiki: ta tsince fasassun kwalabe, murafan lemo, da abin da karnuka suka bari. Kwalejin da take wa aiki ba ta da filin wasa. Hukumar gari ta ba ta aron wannan kusurwar, amma duk ƙarshen mako motar yankan ciyawa takan share layukan da ta ja. Don haka duk Litinin sai ta sake auna fili daga farko.

Da ƙafa take awo. Taku ashirin da huɗu daga tasha zuwa tasha, tana ƙirgawa a fili da Hausa. Haka wata malama ta koya musu a makarantar kwana a Jos tun tana 'yar shekara goma sha uku, kuma shekara da shekaru duk wanda ya zo da tef na awo don ya gwada ta, da kunya yake komawa. Har ya zama abin alfaharinta. Zoe ta taɓa kawo mata tef sabo fil a matsayin tsaraba, ta karɓa ta yi godiya, ta kai gida tana auna labule da shi.

"Ƙafata ta fi tef ɗinku gaskiya," in ji ta. Yaran kuma suka haddace.

Ƙarfe takwas ta yi mata a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na kwalejin, sanye da farar riga, tana wanke kwalabe tana jera wa malamai kayan aiki. Aikin da ake biyanta ke nan. Koci kuwa ita ta naɗa kanta, ranar da ta tarar da buhun sanduna da safofin hannu na fata a sito za a zubar. Ta ja buhun har bakin kantin cin abinci, ta tare 'yan mata bakwai da ta ga kullum suna zaune suna kallon maza na buga ƙwallon ƙafa, ta ce su biyo ta.

Su'ad na cikin waɗanda suka zo daga baya. Yanzu nas ce, tana da 'ya'ya biyu, amma har yau idan ta ba da labarin sai muryarta ta canza. Wata uku tana jifa da hannun dama, ƙwallo na tafiya inda ta ga dama. Wata rana ana hutu Hajar ta hango ta tana ɓare lemo.

"Ke, zo nan. Da wane hannu kike ɓare lemon nan?"

Su'ad ta ɓoye hannun a bayanta. Tun tana ƙarama ake buge mata shi a gida.

"Bahaguwa ce ke kika bar ni ina ta ɓata yawuna? Abinci ki ci da dama, wannan ba ni da ja. Ƙwallo kuwa ki jefa da wanda Allah Ya ba ki."

Sati na zagayowa ta kawo mata safar bahagwai da ta sa aka nemo. Da hannun nan na hagu Su'ad ta ci wa kwalejin kofin yanki na farko, kuma shekara biyu ba a sami wadda ta iya karanta jifanta ba. Daga nan kofin yanki ya san hanyar Balsall Heath: sau tara yana zuwa. Sau uku suna kaiwa wasan ƙarshe na ƙasa. 'Yan mata sama da ɗari uku sun ratsa ta hannunta, 'ya'yan Hausawa da Somaliyawa da 'yan Pakistan da Turawa, kuma babu wadda ta fita ba ta iya cewa "gudu!" da "tsaya!" da "wallahi Anti ba ni ba ce" ba.

A watan Janairun bana aka yi mata aiki a gwiwar dama. Likita ya ce ta huta wata shida, ta huta sati bakwai. Mijinta, Malam Ishaq, ya yi faɗa har ya gaji, daga ƙarshe suka yi yarjejeniya: ta ƙarasa wannan kakar, daga ita ta ajiye. Ta koma tura kekenta, tana ɗan ɗingishi, tana ƙirga ashirin da huɗu. Da yake duk kwalejojin yankin filinta suke zuwa wasa, babu inda yaran suka taka wani fili sai ranar nan a Manchester.

To, da aka zo canjin zagaye, Hajar ta miƙe daga benci ta nemi alƙalin wasa ya ba ta minti ɗaya. Ta je ta tsaya a tashar farko, ta daidaita ɗankwali, ta fara tafiya a kan farin layi tana ƙirgawa. Fili ya yi tsit, mutane na tambayar juna me matar nan take yi.

"Ashirin da biyu. Ashirin da uku. Ashirin da huɗu."

Ta tsaya. Tashar na can gaba tana kallonta.

Sai da ta ƙara biyu kafin ta taka ta.

Zoe ce ta fara rugowa, fuska ja wur. "Na faɗa! Sun ƙara wa filin tsawo! Anti, ki kai ƙara, wallahi cuta ce!" Sauran suka taso suna hayaniya, har Inaya ta share hawaye. Daga bayan shingen waya Malam Ishaq, wanda bai taɓa fahimtar dokar wasan ba duk shekarun nan, ya ɗaga lema yana ihu: "Maman Zayd, kar ki yarda! A sake awo!"

Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kawo a ransa cewa ƙafar ce. Da ta yi shiru kawai, ta girgiza kai irin na wadda aka zalunta, da yaran sun koma Birmingham suna zagin Manchester har tsufansu, ita kuma ta yi ritaya da sunanta cif. Ta san haka. Ta tsaya a kan tashar nan gwiwa na yi mata zugi, ta tuna yadda tun bayan aikin take taka matakalar bas da ɗaiɗaya, da yadda Malam Ishaq yake rage sauri idan suna tafiya tare ba tare da ya ce komai ba.

"Ku zo nan dukanku," ta ce. "Zoe, rufe baki. Filin mutane daidai yake. Ƙafata ce ta gajarce."

Suka yi cirko-cirko.

"Wata huɗu ina koya muku wasa a ƙaramin fili ban sani ba. Inaya, ɗago ki dube ni. Zamiyarki ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, inda na ce ki kwanta nan kika kwanta. Laifin nawa ne, ni da taurin kaina da tef ɗin da nake auna labule da shi."

Wata ta fashe da dariya, ta toshe baki. Sai duk suka kama, har da mai kuka.

"To ya isa, ba biki muka zo ba. Mai gudu ta ƙara taku biyu kafin ta kwanta. Mai jifa ta nufi goshin mai karɓa, ba ƙirjinta ba. Ku tafi."

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau suna ba da labari. Shida da biyu. Bakwai da biyar. A zagaye na shida Inaya ta taho daga tasha ta uku, ana jin ta tana ƙirgawa da ƙarfi, ta ƙara biyunta, ta zube, ta share tashar gida da ƙafa ƙwallo na iska. Babanta ya tsallake jakar wata mata ya rungumi Malam Ishaq, mutumin da bai taɓa gani ba.

Takwas da bakwai aka tashi. Manchester ta ɗauki kofi. Zoe na tsaye a tasha ta uku lokacin da aka cafke ƙwallon ƙarshe.

Da suka koma gida, Hajar ta zauna ta rubuta wa kocin kowace kwalejin da ta yi wasa a filinta bana, ta gaya musu abin da ya faru, ta ce duk wanda yake so a soke sakamako tana bayansa. Babu wanda ya nema. Ɗaya ma ya amsa cewa shi dai ta ɓata masa rai, don ya ɗauka yaransa ne suka ƙara gudu.

Anti Hajar, ke ce kika tsince kwalabe da hannunki don 'ya'yan wasu su kwanta a ciyawa ba fargaba. Ke ce kika ga hannun da aka ɓoye kika ce a fito da shi. Kuma ke ce, ranar da yara goma sha huɗu da mijinki suka miƙo miki ƙarya mai daɗi a gaban jama'a, kika ƙi karɓa don kada yarinya ɗaya ta koma gida tana ganin ita ce ba ta iya ba. Uwar 'yan mata, kofin bai zo ba, kuma mun san yana yi miki ciwo, ba sai kin ɓoye ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya ƙara wa gwiwa lafiya. Ku kuma iyaye da malamai da ke karanta wannan, idan yaro ya kasa, kafin ku ɗaga murya ku fara duba abin da kuka koya masa.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi mata walimar sallama a wani gidan abinci da ke Stratford Road. Tsofaffin 'yan wasa sun cika wurin da 'ya'yansu, an yi jawabai, an yi kuka, an ci shinkafa. Malam Ishaq ya fi kowa fara'a. Yana cikin bayyana wa baban Inaya yadda za su je Umara su dawo ta zauna ta miƙe ƙafa, sai ƙofa ta buɗe.

Wata doguwar mata ce da mabuɗin mota a hannu, ba wanda ya san ta. Ta ratsa tebura kai tsaye, ta rusuna a gaban Hajar.

"Mama, sannu da hutawa. Sunana Madam Kambai, daga Cheetham Hill a Manchester. 'Yata ce ta fitar da yarinyarki sau biyu ranar nan."

Inaya ta ajiye cokali.

"Ba faɗa na zo ba," matar ta yi dariya. "Ƙannen 'yan wasanmu ne, su goma sha shida, 'yan coci da 'yan masallacin unguwarmu. Kullum suna buga ƙwallo a wurin ajiye motocin wani sito, sun fasa gilashi biyu. Na ji an ce yanzu ba ki da aikin yi."

"Tana da shi," Malam Ishaq ya yi caraf. "Hutu. Likita ne ya rubuta. Baiwar Allah, Manchester fa kika ce, tafiyar awa biyu!"

"Gaskiya ne, Baba. Shi ya sa na taho da su. Suna waje a cikin bas."

Hajar ba ta dubi mijinta ba. Ta dafa tebur, ta miƙe a hankali, ta lalubo sandar tafiyarta.

"Maman Zayd, mun yi magana fa."

"Malam, gaisawa kawai zan yi." Ta juya ga baƙuwar. "Akwai wadda ta iya jifa a cikinsu?"