Ƙwaryar da ta sauko ta ƙarshe

Ranar Juma'a ce cikin marka, zaɓe ya kusa. Turawa ba su daɗe da sakin mulki ba. Inna ta dama mana koko mai ruwa, irin wanda in ka leƙa za ka hango fuskarka har da ta kakanka. Ta ɗauki mayafi ta ce za ta Kudan barkar haihuwa, sai la'asar. Ni da Baba muka nufi rumbun gayya.

Rumbun na gari ne. Da kaka kowane magidanci yakan kawo zakkar dawarsa, a haɗa da amfanin gonar gayya, a sussuke a zuba. In damina ta yi nisa gidaje suka ƙare hatsi, sai a buɗe shi duk Juma'a. Baba ne mai rabo, yana bisa tsani. Ni ne na ciki, don duk ƙauyenmu babu siriri kamata. In iska ta taso sai an riƙe ni. Ta sama ake shiga rumbun. Baba ya zuro ƙwarya da igiya, in cika, ya ja. Matan gidajen da babu sukan jera ƙorensu a gindin rumbu tun da sassafe, su koma bayan darni su jira. Ba a kiran suna. Ƙwaryar da Baba ya gane ma, ba ya faɗa.

Wannan ƙa'idar ce ta tsone wa Tanko ido. Tsohon ɗan kamasho ne da jam'iyya ta ba hula da lasifika, tun daga nan ko gaisuwa da ihu yake yi. Ya zo ya ce a riƙa ba gidajen da mazansu za su jefa musu ƙuri'a kawai. Baba ya ce masa ƙwarya ba ta jefa ƙuri'a. Tanko ya tofar da yawu ya tafi.

Da hantsi ina cikin duhun rumbu, wata ƙwarya ta sauko. Na fara cikawa. Sai na ji rurin babbar mota, na ji ta tsaya. Takun ƙafafu. Lasifikar Tanko ta fashe da ihu.

"Sauko!"

Tsani ya goga bango ya faɗi. Igiya ta zubo mini a ka gaba ɗayanta. Na ji kulake suna sauka, na ji muryar Baba sau ɗaya. Mata suka ɗauki kururuwa. Warin kananzir ya shigo, hayaƙi ya biyo shi.

"Ba rumbun ba, jakai! Darni da gidajen! Rumbun ku fasa!"

Gatari ya fara cin bango daidai haƙarƙarina. Na cusa ƙwaryar cikin riga, na karanto duk abin da na iya, har da inda malam bai kai ni ba. Bango ya ɓurme. Dawa ta tsiyaye waje, na tsiyaye tare da ita, fari fat da ƙurar hatsi, ido jajur. Wani ƙato da ya kai rimi tsawo ya yar da gatari yana kiran uwarsa. Tsinanne ya zaci aljanin rumbu ne. Ban tsaya gyara masa fahimta ba.

Darni na ci da wuta. Ƙoren matan nan duk an tattake su. Ƙartin Tanko na ɗura dawar marayu a buhuna suna dariya. Na faɗa gonar rake. Ganye ya yanyanka mini fuska. Na faɗi a taɓo, na tashi, na sake faɗi. Da azahar na haye rafi, ruwa iya wuya. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai: Inna na Kudan.

Da la'asar na isa ƙauyen Gazara. Na tarar da mutanenmu zube a gindin bango. Gab da magariba aka kawo Baba bisa jaki, hannunsa a karye, leɓensa a fashe. Na ce masa a aika Kudan a tare Inna, kar ta koma gida. Ya dube ni, ya ce in ba shi ruwa.

Na zaro ƙwaryar daga riga. Duk ta yi taɓo. Na wanke ta a bakin rijiya. A gefenta akwai tsaga da aka ɗinke da jan zare, ɗinki ƙanana a karkace. A cikinta nake shan koko tun ina rarrafe.

Babu wata haihuwa a Kudan. Hatsinmu ne ya ƙare, ba ta so in sani.

Washegari manya suka koma ƙauye, suka binne mutum huɗu. Uku maza ne. Ta huɗun a bayan darni aka same ta, inda suke jira.

Ƙwaryar tana wurina. Ban ma gama cika ta ba.