Katunan Ntate Khoabane

Ntate Khoabane, wato Baba Khoabane da harshenmu, ya shekara ashirin da shida yana ɗaukar ma'aikata a wata masana'antar ɗinka wanduna da ke Maputsoe. Kafin nan ya yi shekara bakwai a mahaƙar zinariya a Afirka ta Kudu, ya dawo gida da tari a ƙirji da kyakkyawan rubutu a hannu. Rubutun ne ya sama masa kujera a ofis. Ranar ɗaukar aiki yakan fito bakin ƙofa lulluɓe da bargonsa, mata sun yi layi har titi, ya bi su da kallo yana nuni da biro. Ya san ƙauyen kowacce, ya san uwar da ta haife ta. Wadda ya nuna ta shiga, ya buɗe mata kati, ya jera shi a durowar ƙarfe.

Na san shi ne bayan na dawo daga karatu a Indiya, aka ba ni tebur kusa da nasa a sashen fitar da kaya. Tare muke cin tuwon masara da ganye da rana. Mutum ne mai tsabtar aiki, ban taɓa jin an ce ya karɓi ko kaza a hannun mai neman aiki ba. Abu ɗaya ne ba ya jurewa: a ce wani ya fi shi sanin mutanensa.

A watan Maris manaja ya kawo Ausi Tlalane (Ausi lakabin girmama mace ne a wajenmu, kamar a ce 'yar'uwa), wadda ta karanci harkar ma'aikata a Bloemfontein. Ya ce daga yanzu duk shawarar da ta shafi ma'aikata sai an yi bincike tukuna. A watan Yuli za a buɗe sabon layin ɗinki, a ɗauki mutum ɗari biyu, kuma bai faɗi wanda zai tsaya a ƙofa ba.

Tlalane ta raba wa mata takardun tambayoyi, ta zauna da su rukuni-rukuni, sannan ta nemi katunan durowa don ta shigar da su kwamfuta. Ntate ya miƙa mata makulli da yatsu biyu.

"Ki yi a hankali, 'yata. Wasunsu sun girme ki."

"To Ntate, zan gaishe su kafin in taɓa."

Bai yi dariya ba. Daga ranar ya fara lura da abin da bai taɓa lura da shi ba. Manaja ya kira ta sau huɗu yau. An saya mata kujera mai juyawa. Matan da ya ɗauka da hannunsa suna gaishe shi a tsaye, su wuce teburinta su zauna.

"Dubi 'Malerato," ya ce mini. "Ni na ɗauke ta ba ta san inda ake zura zare ba. Yau ga ta can tana zuba wa baƙuwa cikinta."

Bayan mako biyar Tlalane ta kai wa manaja sakamakon farko. Cikin 'yan matan da ake ɗauka ba su da aure, kusan rabi sukan bar aiki kafin shekara biyu, bayan an gama wahalar koya musu ɗinki. Matan aure kuwa ba sa tafiya. Manaja bai jira ba. Ya sa aka liƙa sanarwa a ƙofa cewa a sabon layi matan aure kaɗai za a ɗauka.

Ranar nan Ntate ya ci abincinsa tas, har ya sayi cincin ya ba ni.

"Ka ga ilimin boko?" ya ce. "Babu inda yaran nan suka je. Suna ciki suna ɗinki."

Sai ya warware mini. A wajenmu yarinya in ta yi aure, dangin miji sukan yanka tunkiya su raɗa mata sabon suna, daga nan kiranta da sunan 'yanmatanci raini ne ga surukanta. Shi Ntate ba ya yarda matar wani ta zauna a durowarsa da sunan gidan ubanta. Da ta dawo daga biki sai ya ja layi a tsohon katin, ya rubuta "an rufe", ya buɗe sabo da sabuwar lamba. Kwamfuta ta ga yarinya ta tafi, ta ga matar aure ta zo.

"To ka gaya wa Tlalane mana, Ntate."

"Zan gaya mata. Ranar da masu kamfani za su zo, a gabansu."

"Saura mako uku fa. Yaran da ke karanta sanarwar nan suna komawa gida."

"Ni na liƙa ta?"

Na so in yi magana da kaina, sai na ga sirrinsa ne ya ba ni, na yi shiru. Har yau ban tabbata na yi daidai ba. Kullum da safe mukan wuce 'yan mata a ƙofa suna karanta takardar, wasu sun taho daga kan duwatsu tun asuba. Yakan sunkuyar da kai ya wuce. A ofis kuwa yana rubuta jawabinsa a bayan ambulan, yana gogewa, yana sakewa.

Abin da bai sani ba shi ne Tlalane ba ta ɗauki lissafi a matsayin ƙarshen aiki ba. Ta san nawa suka tafi, ba ta san dalili ba. Sai ta jefa ƙuri'a ta fitar da suna talatin cikin waɗanda suka bar aiki, ta bi su gida. Gidan farko na wata Puleng ne a garin Peka. Uwar Puleng ta dube ta sama da ƙasa.

"Ta bar aiki? Ausi, daga wace masana'anta kika ce kin fito? Tana layi na huɗu. 'Mathuso ake ce mata yanzu."

Cikin talatin, goma sha tara suna zaune a kan kekunan ɗinkinsu a masana'anta. Ranar Litinin ta ajiye katuna biyu a teburin Ntate, na Puleng da na 'Mathuso.

"Ntate, rubutunka ne duka biyun."

"Nawa ne."

"Ka san mutum ɗaya ce tun ranar da aka liƙa takardar."

Ya gyara zaman biro a aljihunsa. "Ba ki tambaye ni ba."

"Gaskiya ne, ban tambaya ba. Laifina ke nan. Naka kuma ka san shi."

Ranar taro da masu kamfani ya sa kwat ɗin da yake zuwa coci da shi, ambulan a aljihu. Kafin ya motsa Tlalane ta miƙe, ta ce sakamakonta na farko kuskure ne, ta bayyana yadda ta gano. Ta ce Ntate Khoabane ya rufe katunan ne don girmama surukan mata, kuma duk ginin babu mai iya haɗa tsofaffi da sababbi sai shi. Ba ta ce ya sani ya yi shiru ba. Masu kamfani suka yaba mata. Aka cire sanarwar, aka ce ita za ta ɗauki mutanen Yuli ta hanyar gwajin ɗinki, shi kuma ya zauna ya haɗa katuna.

"Ka ji?" ya ce mini a hanyar fita. "Ta yi kuskure an tafa mata. Har rufa mini asiri ta yi, don kada in samu abin faɗa."

Ya haɗa katuna ɗari huɗu da 'yan kai cikin mako shida, duk daga kansa, aka duba ba a samu ko ɗaya a karkace ba. Ranar ɗaukar aiki bai fita ba. Ya tsaya a tagar ofis yana kallon kekunan ɗinki goma da aka jera a farfajiya, mata na zama suna tashi, Tlalane na duba ɗinki tana rubutu. Ya daɗe a tsaye.

"Ta ɗauki mai jan ɗankwalin can," ya ce, bai juyo ba. "'Yar ƙauyen Ha Nyenye ce, uwarta ta yi mini aiki shekara tara. Da ni ne ma, ita zan ɗauka."

Sai ya ja labule ya koma kujerarsa.